Kawu da Ɗakin Baƙinsa

Ranar sadakar uku ta Kawu ruwa ya wuni yana zuba a Mararaba, har sai da aka jera bulo a ƙofar gida don masu ta'aziyya su taka. Inna, mahaifiyata, wadda take bi masa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kofin shayinsa ta ɗauka ta wanke ta kife, an jima ta sake ɗauka ta sake wankewa. Matarsa kuwa duk wadda ta shigo magana ɗaya take yi mata: takalminsa na ofis yana nan bakin ƙofa, ita ba za ta iya ɗauke shi ba, wani ya taimaka. Ba wanda ya taimaka. Kowa raɓa shi yake yi ya wuce.

Mutanen ofis sun zo da hantsi a mota ɗaya, aka kira ni waje in karɓi gaisuwarsu, tunda ni ma a can nake aiki. Ogan namu ya cire hula ya mayar, ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya. Baba ya tafi da rabin sistem ɗinmu a cikin kansa. Allah ma ya taimake mu kin canja mana komai kafin ya tafi." Yabo yake nufi. Ni ma yabo na ɗauke shi, har da sunkuyar da kai irin na mai kunya.

Bayan azahar wani dattijo ya sauka daga bayan ɗan acaɓa, wandonsa duk laka, da sabuwar doya a buhu. Ba wanda ya san shi. Ya ce shi ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti, can bayan Lugbe inda kwalta ta ƙare. Ya ce, "Ni ban taɓa ganin fuskan shi ba. Murya na sani. Shekara tara yana kira na." Sannan ya tambayi wanda yake aiki tare da marigayi, aka nuna masa ni. Abin da ya gaya mini a gindin rumfa shi ya hana ni sukuni har yau, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Amma ba za a gane shi ba sai an san aikin Kawu.

Kawu ya yi sama da shekara ashirin a wani kamfanin rarraba magunguna a Idu, tsakanin manyan sito da layin dogo. Ƙananan asibitocin ƙauyukan Abuja suna turo jerin abin da suke buƙata ta kwamfuta, mu haɗa kaya mu tura mota. Matsalar ita ce kowane asibiti da irin manhajarsa. Wannan ya sa sunan magani a gaba, wancan ya fara da adadi, wani ya ƙirga da kwali, wani da ƙwaya. Manhajar sitonmu kuwa gurabenta a ƙayyade suke: gurbin asibiti, gurbin magani, gurbin adadi, gurbin rana. Dole wani abu ya tsaya a tsakani.

Abin da Kawu ya tsayar a tsakani wani yaren kwamfuta ne da ake kira XSLT. An fi saninsa da yi wa takardu kwalliya, ya ɗauki bayani tsurarsa ya mayar da shi shafi mai kyan gani. Kawu ya ce shi ba kwalliya ta kawo shi Idu ba. Ya sa yaren aikin cika gurabe. Kowane asibiti ya rubuta masa takarda guda mai ɗauke da dokoki, kowace doka tana ce wa na'ura, in kin ga abu mai kama da kaza, ga gurbin da za ki zuba shi. In sabon asibiti ya shigo ba a taɓa uwar manhaja, takarda ɗaya kawai ake ƙarawa. Shi takardar juyi yake ce mata.

Ranar da na fara zama kusa da shi na ce ban gane ba. Ya cire tabarau ya ce, "Uwata, in maƙwabta suka aiko da abinci ranar suna, cewa kike yi su koma su zubo a irin kwanon gidanku? Karɓa kike yi, ki juye a naki, ki mayar musu da nasu. To aikin ke nan gaba ɗaya. Sauran duk Turanci ne."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba. Shi ya ɗauko ni daga zaman banza. Shekara biyu na yi a Lugbe bayan bautar ƙasa, takardar digiri a ƙarƙashin katifa, ina faɗa da kowa a gidan har da kyanwa. Wata Asabar ya zo, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya ce wa Inna, "Ba ni aron uwata, akwai kujera a kusa da ni da ba ta da mai zama." Daga baya na gano babu wata kujera. Tasa ya ba ni, shi ya koma kan benci na wata uku.

Da an sallame asuba yake barin Mararaba don kada cunkoson hanya ya riƙe shi. Shayinsa babu sukari, kuma kullum sai ya yi wa likitan da ya hana shi sukarin ƙorafi kamar yana wurin. A cikin takardun juyi akwai inda mai rubutu yake barin bayani don ɗan'uwansa mutum, na'ura ba ta karanta wurin. Mutane da Turanci suke rubutawa a taƙaice. Kawu da Hausa yake yi, kuma hira yake yi. "Waɗannan da kwali suke ƙirga, kada ka aika musu ƙwaya goma su zage ni." A wani wurin kuma: "Na yi kuskure a nan ranar Talata, yunwa nake ji." Bai taɓa goge doka ba. In ta daina aiki sai ya rubuta a samanta cewa ta yi ritaya, ya bar ta a wurin.

A ƙarshen kowace takarda akwai doka ɗaya mai alamar tauraro. Ita ba ta neman wani abu takamaimai. Duk abin da ya shigo wanda sauran dokoki ba su gane shi ba, ita take kama shi ta ajiye a wani fayil daban, ta rubuta a samansa: "Baƙo ya zo, a tashi a gaishe shi." Wannan fayil ɗin shi ne ɗakin baƙi. Kullum da safe, kafin ya taɓa komai, Kawu zai buɗe shi, ya bi layi-layi da bayan biro, yana motsa baki. Yawanci tarkace ne: wani ya rubuta kwanan wata a juye, wani ya danna abin da bai sani ba. Wani lokaci kuma ya ɗauki waya ya fita baranda, in jiyo shi yana dariya yana tambayar ruwa da doya. Ni a wurina hirar tsofaffi ce kawai.

Na taɓa ce masa ɓata lokaci ne. Ya ce, "Na'ura ba ta iya ƙarya ba, Uwata, amma ta iya shiru. In ta ga abin da ba ta gane ba, wucewa take yi kamar ba ta gani ba. Abin da ba ki gane ba ba shara ba ne."

Na koyi aikin, na kuma iya shi, daga nan kaina ya fara rawa. Na ga takardun Kawu sun tsufa, suna da tsawo, ga alamomi cunkushe kamar ƙaya, ga shi matasan da ake ɗauka aiki ba mai son ya taɓa su. Na nemi izini na rubuta sabuwar manhaja da yaren zamani. Na bi dokokinsa ɗaya bayan ɗaya na kwashe su, ina alfahari ko ɗaya ban bari ba. Mai tauraron ce kawai na tsallake da gangan, don a ganina ba doka ba ce, al'adar tsoho ce. A tawa manhajar, abin da bai dace da gurbi ba wucewa ake yi a bar shi. Muka tura wa asibitoci sanarwa cewa kowa ya cika fom yadda ya kamata.

Ranar da na nuna wa manya aikin, komai ya tafi daidai. Abin da takardun Kawu suke yi a minti goma tawa ta yi kafin oga ya ajiye kofinsa. Aka tafa. Kawu yana can ƙarshen tebur, ya ɗaga biro kamar ɗan makaranta, ya ce, "Ina kika ajiye baƙi?"

Da ma na yi shiru. Da na ce za mu duba. Amma wani a gefe ya yi 'yar dariya, ni kuma na ji kamar ana son a rage mini ranar tawa. Na ce, "Kawu, babu baƙi yanzu. Wanda bai cika fom daidai ba laifinsa ne. Kuma wannan yaren naka ya mutu, masu amfani da shi ma sun kusa ƙarewa."

A gaban mutane na faɗa, ga wan mahaifiyata. Ya rufe bironsa, ya sa a aljihu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Na kwana biyu ina jira ya kai ƙarata wurin Inna in sami abin kare kaina, bai kai ba. Ranar Juma'a ma ya ajiye mini masa a leda a kan tebur kamar yadda ya saba. Na ci masar, ban ba shi haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe.

Ranar Litinin aka kunna sabuwar manhaja. Ranar Laraba ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, aka kwantar da shi a asibiti. Matarsa ta kashe wayarsa ta jefa a jaka don mutanen ofis su bar shi ya huta.

A mako na uku na je duba shi da la'asar. Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Na zauna ina shirya kalmomin ban haƙuri a raina, sai ya buɗe ido ya riga ni. Ya ce, "Uwata, kin duba ɗakin baƙi?"

Ban sani ba ko ciwo ne ya mantar da shi cewa na rushe ɗakin, ko kuwa dama ce ta ƙarshe yake ba ni. Na dubi robar da ke hancinsa, na dubi matarsa tana yi mini alama da ido kada in tayar masa da hankali. Na ce, "Na duba, Kawu. Ba kowa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya rufe ido. Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan, kwana huɗu bayan haka ya rasu.

To, ga abin da dattijon nan ya gaya mini a gindin rumfa, ruwa yana ɗiga a kan buhun doyarsa. Kwamfutar asibitinsu tsohuwa ce, jerin magungunan da ke cikinta babu maganin saran maciji. Don haka duk damina a akwatin ƙarin bayani yake rubuta buƙatar da Hausarsa. Washegari sai Kawu ya kira shi, su gaisa, ya tambaye shi guda nawa, magani ya zo tare da sauran kaya. Shekara tara haka.

Ya ce, "Bana na rubuta sau uku. Sauran kaya ya zo, wannan bai zo ba. Na kira wayan shi, a kashe. Na kira ofis, wani ya ce in bi ta sistem. Na ce lallai Baba ba lafiya. Jiya wayan ya shiga, madam ta ɗauka, shi ne na ji."

Na ce, "Baba, an sami wanda maciji ya sara?"

Ya ce, "Mutum biyu. Namijin mun kai shi gari a kan babur, ya tashi. Macen kuma hanya ya yi mata nisa, ba ta kai ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ni ba ƙara na kawo ba, 'yata. Gaisuwa na zo. Allah ya ba shi hutawa, mutumin kirki ne."

Washegari ban jira addu'ar bakwai ba, na tafi Idu da sassafe. Kujerarsa tana nan da matashin da ya lotsa. Na tattaro duk fayilolin da asibitoci suka turo a watan, na bi da su ta cikin tsofaffin takardun Kawu, waɗanda na ce sun mutu. Minti goma suka ɗauka, kamar kullum. Sannan ɗakin baƙi ya buɗe. Akwai tarkacen da aka saba. A tsakiyarsu ga saƙon dattijon har sau uku, kowanne da rubutun Kawu a samansa, baƙo ya zo, a tashi a gaishe shi. Na farko ya ce a taimaka da maganin maciji, damina ya shigo. Na biyu ya ce saura kwalba ɗaya. Na uku ya ce, "Baba lafiya dai? Ya ƙare."

Na yi kuka a wurin har mai shara ta ajiye tsintsiya ta fita. Da na natsu na buɗe takardar juyin asibitin, don in ga dalilin da ya sa a shekara tara Kawu bai rubuta wa wannan buƙata doka ba, alhali aikin rabin sa'a ne a wurinsa. Na sami bayaninsa a can ƙasa: "Da gangan na bar wannan ya riƙa faɗowa ɗakin baƙi. Shi kaɗai ne a asibitin, in na rubuta masa doka ba mai ƙara kiransa."

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da mamaci. Na bugi tebur. Da ya rubuta dokar, da na kwashe ta tare da sauran, da magani ya tafi. Kirkinsa ya bar ƙofa a buɗe, ya dogara cewa kullum akwai mai tsaronta. Amma fushin bai yi nisa ba, don na san wadda aka bar wa tsaron. Ya tambaye ni a gaban mutane, na yi masa rashin kunya. Ya tambaye ni a gadon asibiti, na yi masa ƙarya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga wurin oga na gaya masa komai, har da ƙaryar da na yi wa Kawu a gadon asibiti. Ya daina juya makullin motarsa, ya ce, "A mayar da abin Baba yau ɗin nan." Da rana na bi motar kaya da kaina. Bayan Lugbe muka bar kwalta, muka yi ta faɗawa ramuka har muka isa wani gini mai ɗaki biyu a tsakiyar gonakin doya. Dattijon ya karɓi kwalaben ya jera a firji. Na gaya masa gaskiya a tsaye, cewa ba ciwon Kawu ne ya hana magani zuwa ba, ni ce. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji. Amma ba ni ke da yafewa ba. Mijin macen da ta rasu yana gona can bayan rafi, in kina so in raka ki."

Na dubi hanyar rafin. Ban iya ba. Na ce wata rana, irin goben da na yi ta ce wa Kawu. Har yau ban je ba, kuma na san bashin tafiyar nan yana wuyana.

Ranar jana'iza liman ya roƙi jama'a duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Daga cikin gida na jiyo maza suna amsa cewa sun yafe. Ba wanda yake tashi ya tambayi mamaci ko shi ya yafe. Inna ta ce in yi masa addu'a in bar wa Allah sauran, kuma ina yi. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓe shi yadda ya riƙa karɓar waɗanda ba a gane ba.

Takardunsa suna aiki har yanzu, gefe da gefe da tawa manhajar. Na rubuta wa asibitin dattijon doka, don ni ba Kawu ba ce, ban yarda da kaina in tsare ƙofa da hannu ba. Duk da haka ina kiransa ranar Litinin, mu yi maganar ruwa da doya. Na koyi barin Lugbe da an sallame asuba. In na isa Idu ofis ba kowa, sai ƙarar firji daga sito. In zauna a kujerar da ya ba ni, in buɗe fayil ɗin, rubutunsa ya fito a kan allo kamar yanzu ya tashi daga wurin. Wani lokaci har ina jin kamar in na juya zan gan shi a kan benci da kofinsa. Ba na juyawa. Ina bin layukan da bayan biro har ƙasa, sannan in amsa tambayar da ya yi mini da la'asar ɗin nan, da murya, ko da mai shara tana ji.

"Na duba, Kawu. Yau mutum ɗaya ne. Bari in kira shi."